Ƙaryar da Take 'Ya'ya

Duk wanda ya taɓa leƙa rumbu ya san amfaninsa a cikinsa yake. Bango siriri, ciki wawakeke, sai ɗan baki a sama inda za a zura dami. Babu manomin da zai gina rumbu ya danƙare cikinsa da duwatsu, ya bar ɗan lungu kamar zaure, sannan ya ce a nan zai tara hatsin shekara bakwai. Yaron da ake aikawa gona korar tsuntsaye ma ya san wannan. Amma a farkon watan Nuwamba na 2015, mutumin da yake kan gaba a wasu ƙuri'un jin ra'ayi cikin masu neman tutar jam'iyyar Republican don shugabancin Amurka ya dubi 'yan jarida ya ce shi yana nan a kan bakansa: manya-manyan dalolin dutse na Masar rumbuna ne, kuma Annabi Yusuf, alaihis salam, shi ya gina su domin ajiyar hatsi.

Kada mai karatu ya zaci wani gidahumi ne. Ben Carson ke nan, ƙwararren likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da ya yi aiki a asibitin Johns Hopkins, wanda a 1987 ya jagoranci ayarin likitocin da suka raba wasu tagwaye 'yan Jamus da aka haifa kawunansu a manne. Baƙar fata ne, ya tashi cikin talauci a Detroit a hannun mahaifiyarsa, kuma labarin rayuwarsa ya zaburar da ɗalibai da yawa har a nan Afirka. Maganar dalar ya fara yin ta ne a 1998, a wurin bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Andrews da ke jihar Michigan. Bayan shekara goma sha bakwai aka tono faifan. Da ya ce ai tsohon zance ne, na daɗe da barinsa, da shi ke nan, an wuce wurin. Sai ya kafe.

Abin da aka sani kuwa ba ƙarami ba ne. Babbar dalar Giza, ta Fir'auna Khufu, an gina ta kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Tsayinta na asali ya kai mita 146, kuma an ƙiyasta duwatsun da ke jikinta sun kai miliyan biyu da dubu ɗari uku. Kusan gaba ɗayanta curarren dutse ne. Abin da ke ciki 'yan ɗakuna ne da siraran hanyoyi, kuma a ɗakin sarki akwatin gawa na dutse yana nan har gobe. A Saƙƙara, cikin dalar Fir'auna Unas, an sassaƙa addu'o'in rakiyar mamaci a jikin bango. An tono unguwar ma'aikatan da suka yi aikin Giza, da wuraren da suke gasa burodi, da kaburburansu. A 2013, a Wadi al-Jarf da ke bakin Bahar Maliya, aka samo takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, inda ya riƙa rubuta yadda shi da mutanensa suke ɗauko fararen duwatsu daga Tura a jiragen ruwa su kai Giza, a zamanin Khufu ɗin. Rumbunan Misirawan da ma an same su: na tubalin laka ne, masu zagaye da tulluwar kai, in ka gan su sai ka ce na ƙauyenku ne. Alƙur'ani ya kawo ƙissar Annabi Yusuf a sura guda, da shekaru bakwai na yalwa da bakwai na fari, da shawarar a bar hatsi cikin zangarniyarsa, bai ambaci dala ba. Littafin Farawa na Baibul, wanda shi Carson ya yi imani da shi, cewa ya yi a cikin birane aka tara abincin. Asalin zancen wani tsohon ƙiyasi ne na Turawan zamanin da, tun ba a iya karanta rubutun Misirawa ba, har aka zana shi a rufin majami'ar San Marko ta birnin Venice. Mu dai dalar da muka sani tana da alaƙa da amfanin gona ita ce dalar gyaɗa ta Kano, ita kuwa buhuna aka jera, babu wanda ya ce ɗaki ne da ita.

To, me jama'a suka yi? Dariya. Kwana da kwanaki ana sheƙe ta a talabijin da kafafen sada zumunta. Ministan kayan tarihi na Masar a lokacin, Mamdouh el-Damaty, ya ce maganar ba ta ma cancanci amsa ba. Abokin hamayyar Carson a cikin jam'iyya, Donald Trump, shi ma ya tsoma baki cikin masu zolaya. Amma a wannan mako, lokacin da 'yan jarida suke bin diddigin wannan magana da wasu labaran da ya bayar game da ƙuruciyarsa, Carson ya fito ya sanar cewa magoya bayansa sun tura masa gudummawar dalar Amurka miliyan uku da rabi cikin kwana bakwai, har yana yi wa kafafen yaɗa labarai godiyar gatse. Masu dariya suna can suna riƙe ciki, masu aljihu suna nan suna zuba kuɗi. A wurinsu ba Khufu ake magana ba, namu ne 'yan boko suka taso wa.

Hausawa suna cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ina son wannan karin magana, amma ina tsoron ya fara zame mana matashin kai. Gaskiya ne ga ƙaryar mai cin bashi, da ta saurayin da ya ari riga ya je zance, don su ranar tonon asirinsu ba ta da nisa. Ƙaryar tarihi a bakin mai neman mulki wata irin shuka ce daban. Tana fure, tana 'ya'ya, iska ta kwashi irinta ta kai gonar da ba a zata ba.

Kafin a ce na tsananta, bari in ware abin da ba shi nake nufi ba. Kowa yana tuntuɓen harshe, kuma wanda yake hawa dandamali sau biyar a rana dole wata rana ya kira Talata Laraba. A 2008 Barack Obama ya ce kawunsa yana cikin sojojin Amurka da suka 'yantar da sansanin Auschwitz, alhali sojojin Tarayyar Sobiyat ne suka 'yantar da shi. Nan da nan ofishin yaƙin neman zaɓensa ya gyara, ya ce ɗan'uwan kakarsa ne, kuma wani reshe ne na sansanin Buchenwald. A 2020 Joe Biden ya yi ta maimaita cewa an taɓa kama shi a Afirka ta Kudu yana ƙoƙarin ganin Mandela. Da aka matsa masa ya janye, ya ce tsayar da shi dai aka yi. Cutar ba ta san jam'iyya ba. Abin dubawa shi ne halin mutum bayan an nuna masa kuskurensa, da halin mutanensa. Wanda ya ce na yi kuskure, ko da da borin kunya, ya yarda akwai ma'aunin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya yi mirsisi kuma jama'arsa suka tafa masa, wannan ya karya ma'aunin ne.

Mako biyu da 'yan kwanaki bayan dariyar rumbu, ranar 21 ga Nuwamba 2015, Trump ya tsaya gaban taron magoya bayansa a Birmingham ta jihar Alabama ya ce shi da idonsa ya ga dubban mutane a Jersey City suna sowa lokacin da dogayen benayen New York suke rugujewa ranar 11 ga Satumba 2001. Kashegari aka tambaye shi a talabijin, ya ce an nuna a talabijin, ya kuma danganta abin da unguwannin da Larabawa suke da yawa. Magajin garin Jersey City ya ƙaryata, 'yan sanda suka ƙaryata, gidajen talabijin suka binciki ma'ajiyarsu babu hoton. Abin da aka iya lalubowa wani ɗan sakin layi ne a jaridar Washington Post ta mako guda bayan harin, da ya ce an tsare wasu mutane an yi musu tambayoyi bisa zargin an gan su suna murna. Ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta rahoton, Serge Kovaleski, ya ce shi bai tuna wani ya ambaci dubbai ba, ko ɗaruruwa ma. Sakayyarsa ita ce Trump ya kwaikwaye shi a gaban taro yana karkaɗa hannuwa, mutumin da yake da lalurar gaɓoɓi, ko da yake Trump ya musanta cewa lalurar yake kwaikwaya. Wani abin al'ajabi kuma, da aka tambayi Carson sai ya ce shi ma ya ga hoton. Kafin rana ta faɗi mutanensa suka fito suka ce a'a, ya rikita ne da hotunan Gabas ta Tsakiya. Dubi yadda abin yake yaɗuwa: mutum ya ji labari sau biyu, sai ƙwaƙwalwarsa ta ƙera masa hoto, har ya rantse ya gani.

Kusan mutum dubu uku suka mutu a wancan hari, kuma akwai Musulmi a cikinsu. Akwai wani matashi mai shekara 23, Mohammad Salman Hamdani, mai koyon aikin ɗan sanda kuma ma'aikacin agajin gaggawa, wanda ya ruga wurin don ceton mutane ya rasu a can. Da farko har zarginsa aka yi, sai da aka tsinci gawarsa cikin ɓaraguzai. Shi wannan ya faru, akwai suna, akwai gawa, akwai uwa da ta yi kuka. Amma labarin da ya cika dandamali a 2015 shi ne wanda bai faru ba.

Sai kuma wadda ta fi muni. Ranar 19 ga Fabrairu 2016, jajibirin zaɓen fid da gwani na jihar South Carolina, Trump ya ba taro a North Charleston labarin Janar John Pershing. Ya ce a ƙasar Filifin, fiye da shekara ɗari da suka wuce, Pershing ya kama 'yan ta'adda hamsin, ya sa aka tsoma harsasai hamsin cikin jinin alade, aka harbe arba'in da tara, aka saki na hamsin aka ce ya je ya gaya wa mutanensa abin da ya gani. Wai daga nan aka yi shekara ashirin da biyar ba a sake jin ɗuriyar fitina ba. Masana tarihin wancan yaƙi, ɗaya bayan ɗaya, suka ce babu wannan a ko'ina. Pershing ya yi gwamnan lardin Moro, yankin Musulmin kudancin Filifin, daga 1909 zuwa 1913, kuma takardun mulkinsa suna nan. Akwai rahotannin cewa wasu hafsoshin Amurka sun binne gawarwakin mayaƙa tare da mushen alade don tsoratarwa, amma harsasai hamsin da mutum arba'in da tara, wannan tatsuniya ce da ta daɗe tana yawo a saƙonnin intanet tun bayan 2001. Trump ya ce wa taron za su iya karantawa a littattafan tarihi, sai dai ba da yawa ba, don ba a son koyar da shi. Ka ji dabara: rashin hujja ya zama hujja. In ba ka same shi a littafi ba, ai ɓoyewa aka yi.

Tarihin gaskiya na wannan yanki ya fi tatsuniyar ɗaci. A watan Maris na 1906, a ƙarƙashin Janar Leonard Wood, sojojin Amurka suka hau dutsen Bud Dajo a tsibirin Jolo, inda mutanen Moro suka fake a cikin ramin tsohon aman wuta, suka kashe ɗaruruwa, har da mata da yara. Marubuci Mark Twain ya yi tir da abin tun a lokacin. A 1913 aka sake wani gumurzu a Bud Bagsak, wannan karon ƙarƙashin Pershing kansa, nan ma ɗaruruwa suka mutu. Zaman lafiyar da aka ce jinin alade ya saya kuwa, kudancin Filifin bai gan shi ba. Rikici ya yi ta lafawa yana tashi, har sai 2014 aka sa hannu a yarjejeniya da babbar ƙungiyar mayaƙan Moro, aka kafa yankin Bangsamoro mai cin gashin kansa a 2019. Wato da ɗan takara yana son darasi daga Filifin, darasin yana nan, kuma akasin wanda ya koyar ne. Amma shi ba darasi yake nema ba. Yana son ya gaya wa masu sauraro cewa akwai wasu mutane da ba sa jin magana sai an wulaƙanta addininsu an harbe su ba shari'a, kuma kakanninmu sun yi, ya yi aiki. Taron ya yi tafi. Kashegari ya lashe zaɓen jihar. A watan Agusta na 2017, yana shugaban ƙasa, bayan harin Basalona, ya sake tura mutane su nazarci abin da Pershing ya yi, a wannan karon shekarun zaman lafiyar sun ƙaru zuwa talatin da biyar.

Ga 'ya'yan. Ranar 7 ga Disamba 2015 Trump ya nemi a rufe ƙofar Amurka gaba ɗaya ga Musulmi. Alƙaluman hukumar FBI sun nuna laifukan ƙiyayya ga Musulmi sun tashi daga 154 a 2014 zuwa 257 a 2015, suka kai 307 a 2016. Ranar 27 ga Janairu 2017, mako guda da rantsar da shi, ya sa hannu a dokar hana shiga ga 'yan ƙasashe bakwai, ciki har da Sudan. A Satumba na wannan shekara aka saka Chadi, ƙasar da sojojinta suke mutuwa a yaƙi da Boko Haram, sai a Afrilun 2018 aka cire ta. A ƙarshen Janairun 2020 aka saka Najeriya cikin waɗanda aka hana bizar zama. Ban ce tatsuniya ita kaɗai ta haifi wannan ba. Harin Paris da na San Bernardino sun faru da gaske, tsoron mutane na gaske ne, gwamnati kuma ta kawo dalilanta na tsaro da musayar bayanai. Amma doka ba ta tsirowa a kan fako. Sai an yi sharar gona, an yi huɗa, kuma labarin masu sowa a Jersey City da na harsasan Pershing suna cikin garemanin da aka yi aikin da su.

Har yanzu ban zo kan abin da ya fi ba ni tsoro ba, don shi ɗan takara mutum ɗaya ne, zai zo ya wuce. Abin tsoron shi ne 'yan amshin Shata. A 2011 Michele Bachmann, 'yar majalisa daga Minnesota da ta nemi takarar shugabanci, ta ce waɗanda suka kafa Amurka sun yi aiki ba dare ba rana har sai da bauta ta ƙare. George Washington ya mutu da bayi a gandunsa. Thomas Jefferson ya mallaki fiye da ɗari shida a tsawon rayuwarsa. Ba a haramta bauta ba sai 1865, bayan yaƙin basasa, lokacin duk sun daɗe a ƙasa. Da aka tunasar da ita a talabijin, sai ta kawo sunan John Quincy Adams, wanda lalle ya yaƙi bauta da girmansa, amma a 1776, lokacin da aka ayyana 'yancin kai, yaro ne bai cika shekara tara ba. A ranakun sai ga wasu sun shiga shafin Adams a Wikipedia suna sauya rubutu don ya zama cikin waɗanda suka kafa ƙasa, masu kula da shafin suna gogewa. Abin ya ba mutane dariya a lokacin. Ni ban ga abin dariya ba. Da can idan magana ta saɓa wa littafi, maganar ake gyarawa. A nan littafin aka tasam ma.

Wanda yake son ganin inda wannan hanya take ɓullewa, ya koma Filifin ɗin. Ferdinand Marcos ya ƙaƙaba dokar soja a Satumba 1972, ya yi mulki har Fabrairu 1986 da jama'a suka cika tituna ya gudu Hawaii. Ƙungiyar Amnesty ta ƙiyasta an ɗaure mutum 70,000, an azabtar da 34,000, an kashe fiye da 3,200. Garin Jolo, a tsibirin nan na Bud Dajo, ya ƙone ƙurmus a 1974 a faɗan sojojinsa da mayaƙan Moro. A 2003 kotun ƙolin ƙasar ta ƙwace fiye da dala miliyan 650 na iyalin da aka ɓoye a bankunan Suwizalan. Hukumar da doka ta kafa don biyan diyya ta tantance mutum 11,103 da aka zalunta. Duk wannan a rubuce yake, da hatimin kotu. Amma aka yi shekaru ana ɗura wa matasa gajerun bidiyo a Facebook da YouTube da TikTok: wai zamanin Marcos zamanin zinariya ne, ga gadoji, ga asibitoci, ga tarbiyya, wai dukiyar iyalin ba sata ba ce, wani tulin zinare ne da wani gidan sarauta ya biya shi ladan aikin lauya, gidan sarautar da babu shi a tarihi. Ɗansa, Ferdinand Marcos ƙarami, bai nemi gafarar abin da aka yi ba, ya ƙaurace wa yawancin muhawarori, ya yi ta kiran haɗin kai. A zaɓen shugaban ƙasa na watan Mayu 2022 ya sami ƙuri'a fiye da miliyan 31, ninki biyu na wadda ta zo ta biyu. Bayan zaɓen mutane suka yi ta rububin sayen littattafan tarihin dokar soja, malaman jami'a suna gaggawar ɗaukar hoton tsofaffin takardu, don tsoron kada su ɓace. Shekara talatin da shida kacal tsakanin gudun uba da hawan ɗa kan mulki, waɗanda aka azabtar da yawansu suna raye suna kallo.

Wannan waƙa ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Suwizalan ta amince a 2017 ta dawo wa Najeriya fiye da dala miliyan 300 na kuɗin da aka fitar a zamanin Abacha, a 2020 wasu fiye da miliyan 300 suka dawo daga tsibirin Jersey, amma har yau a majalisar shayi za ka ji mai rantsuwa cewa ajiya ce aka yi wa ƙasa. Na san wannan magana ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Da ma gargaɗin da ya tsaya a kan laifin Turawa kaɗai bai cika gargaɗi ba.

Abin takaicin shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa wuyar ruɗuwa. Mun gaji ilimin da ba ya karɓar magana sai an ce wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun haɗu kuwa, mai gaskiya ne, haddarsa ƙalau take. Malaman hadisi sun yi tafiyar watanni don tantance ruwaya guda. Ibn Khaldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377 kuma daga baya ya yi alƙalanci a Alƙahira, tafiyar 'yan sa'o'i daga dalolin Giza, ya buɗe littafinsa da dalilan da suke sa ƙarya ta kutsa cikin tarihi. A gaba ya sa ta'assubanci ga ra'ayi ko ƙungiya, ya kawo yarda da mai ba da labari ba bincike, da neman shiga wurin masu mulki ta hanyar yabo, da rashin sanin yadda al'amura suke gudana a zahiri. Hanyarsa ita ce a ɗauki labari a auna shi da hankali, a ga ko zai yiwu ma tukuna. Da an bi ta, da tambayar yaron gona ta isa ta kashe zancen rumbu: ina za a zuba hatsin? Amma mutumin da ba zai karɓi hadisi ba sai da isnadi, shi ne zai karɓi saƙon murya a WhatsApp daga wanda bai san sunansa ba, yana ba da labarin abin da ya faru shekara sittin da suka wuce kamar a gabansa aka yi, ya tura wa rukuni goma kafin ya idar da sauraro.

Gonarmu kuma a share take, huɗa kawai ake jira. Wajajen 2009 aka cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya, aka shafe fiye da shekara goma kafin a ɗauki hanyar dawo da shi. Yaron da ya shiga aji ɗaya a lokacin, yau yana da katin zaɓe. Juyin mulkin Janairun 1966 da ya ci rayukan Sardauna da Tafawa Balewa, da na Yuli, da kashe-kashen da suka biyo baya, da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, da soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, duk miki ne da bai gama warkewa ba, kuma kowane yanki yana da yadda yake ba 'ya'yansa labarin, yana tuna gawarwakinsa yana manta na maƙwabci. Ɗan takarar da ya ƙware a sosa irin wannan wuri ba ya bukatar ya yi maka bayanin farashin taki ko kuɗin makaranta. Ya ishe shi ya ba ka labari guda, da adadi mai daɗin faɗa kamar hamsin da arba'in da tara, ya ƙara da cewa ba a son ku sani. Sojojin baka su ɗauka a rediyo da daddare, mawaƙa su sa masa kiɗa, kafin masani ya buɗe littafi an yi nisa. In ya zo da gyara a ce ɗan adawa ne, an biya shi.

Kada kuma mu dogara da dariya. An yi wa Carson dariya, ya ƙare ministan gidaje na Amurka. An yi wa Trump dariya, ya shiga fadar White House. Zolaya tana faranta ran wanda da ma bai yarda ba, shi kuma wanda ya yarda sai ya ji an raina masa hankali ya ƙara ƙanƙame abinsa. Gyaran da yake shiga shi ne wanda ya fito daga bakin na gida: limamin da ya ce wa mamunsa wannan labarin ba haka yake ba ko da ya yi mana daɗi, ɗan jam'iyyar da ya ce wa ubangidansa ranka ya daɗe a nan an yi kuskure, ɗan jaridar da bai bar baƙonsa ya wuce ba sai ya faɗi inda ya samo. Wannan yana da tsada, ana rasa abokai a kansa, wani lokaci har da abinci.

Ɗan'uwa mai karatu, kakar zaɓe ba ta daɗewa ba ta zagayo ba. Ranar da gwaninka, wanda hotonsa yake manne a ƙofar shagonka, ya hau dandamali ya ce a shekara kaza mutanen kaza sun yi mana kaza, ka tambaya tun kafin ka tafa: wace shekara, a wane gari, wa ya gani, a ina aka rubuta? In an ba ka amsa, ka je ka duba da kanka. In aka ce maka ai ɓoyewa aka yi, to ka riƙe yatsanka, kada saƙon ya wuce ta wayarka.